Aljihun Tebur na Ƙasa

A Lima, titin Wilson, hawa na biyu,
inda hazon teku ke shigowa ba sallama,
rumfata ba ta fi shimfiɗar mutum biyu ba.
Teófilo sunana. Shekara ashirin da uku
ina tonon abin da kwamfutoci suka manta.

Faifan da, mai juyin nan, yana da kara:
kafin ya mutu sai ya yi tari, ya yi ƙas-ƙas,
ya ba ka mako guda ka kwashe kayanka.
Na yanzu kuwa, SSD, siriri kamar cingam,
ba juyi, ba nishi, ba jinya.
Da safe garau,
da yamma gawa.

Ranar Talata Herminia ta zo
da nata naɗe a hankici.
Kakanta, can Ayacucho, ya rasu a watan Mayu.
Awa arba'in ta ɗauki muryarsa
yana ba da labari da Kecuwa,
harshen da 'ya'yanta ba sa ji.
Ta ce, terabayit biyu aka rubuta a kwali,
kuɗinsa bai kai abincin kwana uku ba.

Na kwance shi a ƙarƙashin fitila.
Kwalba ce aka rubuta wa kogi a goshi.
Kana zubawa tana cewa ƙaro,
sabon yana taka tsohon,
jerin sunaye na nan cif
kamar ƙofofin gidan da ya ƙone.
Araha ba ta ado, na ce a zuci,
amma ban faɗa ba.
Ba a yi wa mai makoki karin magana.

Kwana biyu ina tata.
Minti goma sha ɗaya na samu:
tsoho yana gyara murya, yana korar kare,
ya yi dariya, ya ce,
a shekarar da ruwa ya tafi da gada,
ni da Fortunato muna kan alfadari...
Shi ke nan.

Ta ji sau uku. Sannan ta share ido ta ce,
to wane kamfani ne ba ya cin amana?

Sai na ja aljihun tebur na ƙasa,
mai kukan tsatsa. Maƙabartata ke nan.
Kin ga wannan? Ɗan Koriya ne,
shekara tara a ofishin akanta, ya mutu da tsufa.
Wancan ƙaninsa ne, gida ɗaya, tsada ɗaya,
wata huɗu ya yi.
Ga mai tambarin Amurka, wutar lantarki ta ƙifta masa ido sau ɗaya.
Ga ɗan Taiwan, ya gaji da rubutu, ya koma sai dai a karanta,
wannan ya mutu da mutunci.
Akwai wani mara uba, mara suna,
a kwamfutar ɗan ƙanwata,
shekara shida yana ƙaryata ni.

Garanti gaskiya ne, na ce.
Za su ba ki sabo fil a leda.
Muryar tsoho ce ba ta cikin yarjejeniya.

Ki sayi mai suna, mai adireshi,
wanda za ki iya buga wa ƙofa.
Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.
Kuma ki sayi biyu, daga gida daban-daban,
kada ciwo ɗaya ya ɗauke su.
Ɗaya a jakarki,
ɗaya a wurin gwaggonki a Callao.

Ta buɗe jaka. Na ce ta bar shi.
Ta ce in ƙara kunna mata.
A rumfar maƙwabci wani yana rantsuwa
cewa nasa ya fi walƙiya sauri,
a tawa kuma tsoho yana korar kare,
yana shirin hawa alfadari.